Sharhin Mai Gam Bai Kai Kalma Ɗari Biyar Ba

A zauren masu karatun littattafai da ke cikin waya akwai mutum hamsin da biyu, amma bakwai ne kawai ke magana. Sauran suna nan dai, kamar kujerun baya a ɗakin taro: ana lissafawa da su, ba a jin motsinsu. Kowane wata akan zaɓi littafi ɗaya a karanta, sannan mutum bakwai ɗin nan su yi sharhi, su yaba wa juna, wata ya ƙare.

Shugaban zauren tsohon sufeton makarantu ne. Ya yi ritaya shekara shida da suka wuce, sai dai halinsa bai yi ritaya ba. Sufeto ake kiransa, kuma yana amsawa. Shirun mutane ya daɗe yana damunsa, har wata rana ya yanke shawarar cewa lokaci ya yi da za a ƙarfafa wa masu jin kunya gwiwa. Ranar ɗaya ga wata ya fitar da sanarwa mai lamba da kwanan wata:

"Domin ƙarfafa gwiwar 'yan'uwa masu jin nauyin magana, daga yau kowane mamba zai kawo sharhin littafin wata, kada ya gaza kalma ɗari biyar. Wanda bai kawo ba zuwa ƙarfe shida na yammacin ranar talatin ga wata, za a cire shi daga zaure cikin mutunci."

Don kada wani ya ce bai san yadda ake yi ba, ya haɗa da nasa sharhin a matsayin samfuri. Kalma dubu biyu da ɗari takwas ne. Sai ka danna "ci gaba da karantawa" sau tara kafin ka ga ƙarshensa. Abokan maganarsa shida suka saka alamar babban yatsa cikin minti ɗaya, abin da ke nuna ko dai suna da saurin karatu na ban mamaki, ko kuma wani abu dabam. Kafin rana ta faɗi mutum tara daga cikin waɗanda aka ƙarfafa wa gwiwa sun fice da ƙafarsu.

Mai Gam bai fice ba, amma ranar bai iya cin abincin rana ba.

Sana'arsa gyaran littattafai da yi musu bango. Shagonsa wani siririn ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar bene, bayan shagon masu buga takardu. Akwai tebur ɗaya, da injin matse littafi na ƙarfe mai hannu kamar sitiyarin mota, da wuƙar yanka takarda, da gwangwanayen gam waɗanda suka ba shi sunan da ya danne na yanka. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wurin. A aji uku na sakandare ya bar makaranta, amma da wuya a sami wanda ya kai shi karatu a titin nan, saboda ba ya ɗinke littafi sai ya bi shafukansa ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar suna jere daidai. Tun yana duba lamba kawai, har ido ya saba zamewa zuwa layin da ke ƙasa.

Matsalar ita ce duk wanda ya shigo shagon maganar bango ce ta kawo shi. Baƙi ko shuɗi? Rubutun ruwan zinare ko na azurfa? Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke ciki. Sai shekara uku da suka wuce, wata mai kemis da ke ƙarshen layi ta kawo babban littafin magungunanta da ya rabu gida uku, ta same shi yana dariya shi kaɗai a kan wani labari. Ta karɓi lambarsa ta saka shi a zauren. Tun daga ranar yake jingine wayar a jikin gwangwanin gam, yana ɗinki yana bin muhawara. Yakan yarda da wani, ya ƙi yarda da wata, wani lokaci har ya nuna wayar da allura ya ce, "Kai, ba haka ba ne!" Duk a cikin shago. A zauren kuwa abin da ya taɓa aikawa cikin shekara uku bai wuce "Amin" guda ɗaya ba, sai wani babban yatsa da gwiwar hannunsa ta danna bisa kuskure, wanda ya goge nan take, ya kuma yini yana jin kamar ya yi tari a tsakiyar jawabin wani.

Yanzu ga shi an ce ko kalma ɗari biyar ko waje. In aka cire shi, shi ke nan, ya koma maganar baƙi ko shuɗi har ƙarshen rayuwarsa.

Littafin watan labarin wani direban jirgin ƙasa ne da 'ya'yansa mata uku, shafi ɗari uku da ashirin. Mai Gam ya riga ya karanta shi sau uku, domin ɗakin karatu na unguwa ya aiko masa da kwafi uku da suka ɓalle. Ya ɗauki bayan wata takardar da masu bugu suka lalata ya fara rubutu. Kwana huɗu ya yi ya samu kalma arba'in, kuma ya ga ya riga ya faɗi duk abin da ke ransa.

Sai ya koma ga samfurin Sufeto, ya nazarce shi kamar yadda yake nazarin ɗinkin wani kafin ya warware. Ya gano sirrin. Da farko a gode wa marubuci, da iyayensa, da waɗanda suka buga. Sannan a kawo ma'anar kalmar "littafi". Sannan a waiwayi tarihin jirgin ƙasa. Duk inda "kuma" za ta isa, a saka "bugu da ƙari, har ila yau". Ya bi wannan hanya, kalmomi suka fara taruwa. Ranar ashirin da tara ga wata ya ƙirga sau biyu da bakin allura: ɗari biyar da uku. Ya kwafe su cikin waya da yatsa ɗaya, ya ajiye bai tura ba.

Ranar talatin, wajen ƙarfe huɗu, matarsa ta biyo ta shagon. Tela ce, ta dawo daga sayen zik da maɓallai, ta kuma sayo masa zare tunda wurin mutum ɗaya suke saye. Ta ture tarin kwali daga kan kujera ta zauna.

"Baban yara, wai ka tura takardar jarrabawar taka kuwa?"

"Ba jarrabawa ba ce. Sharhi ne."

"Sati huɗu kana magana da kanka a banɗaki. Ko lokacin da za ka je gaban babana ba ka rame haka ba. Karanto in ji."

Ya so ya ƙi, amma ya san ta. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya, ya fara. Ta saurari godiyar da aka yi wa marubuci da iyayensa. Ta saurari ma'anar littafi. Da aka iso shekarar da aka fara shimfiɗa layin dogo sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Wa ya rasu?"

"Kamar yaya wa ya rasu?"

"Na ji kamar jawabin ta'aziyya ne. To shi littafin, da daɗi ko babu?"

"Ina zuwa wurin ai."

"Ka yi minti biyar kana zuwa. Jirgin ma da ya iso."

Ya duba sauran rubutun har ƙasa. A gaskiya bai zo wurin ba. Abin da ya fi kusa shi ne inda ya ce littafin "ya ƙunshi darussa masu tarin yawa a kowane babi ba tare da togiya ba."

"Kowane babi?" in ji ta. "Ba kai ka ce min tsakiyarsa kamar jiran layi a asibiti ba?"

"Ba ni kaɗai ba ma. Kowa haka ya gani."

"Kowa wa? Kai da ba ka magana da kowa."

Nan fa ya manta da kunya, domin an shigo fagensa. Ya jawo kwafi ukun daga ƙarƙashin injin matsewa, ya jera su a tebur, bakin takardun na kallonta.

"Duba nan. Kin ga yadda gefen ya yi baƙi? Dattin hannu ne. Daga farko har shafi na casa'in, duka ukun. To duba daga nan." Ya sa farce. "Fari tas, kamar yau aka yanke. Shafi sittin ba wanda ya taɓa. Wurin da marubucin ya tsaya ba da tarihin gonar kakan direban ke nan. Sai a ɗari da hamsin datti ya dawo. Mutane tsallakewa suke yi, Maman yara. Takarda ba ta iya rufa wa kowa asiri."

"Ikon Allah. To nan da ya rabe fa?"

"Ɗari biyu da sha biyu. Duka ukun a nan suka ɓalle. Ranar da direban ya je ofis ya mayar da hularsa ta aiki, ƙaramar 'yarsa na jiransa a waje. Mutum in ya zo nan sai ya danne littafin da tafin hannu, ya sake karantawa, ya kai wa wani ya ce karanta nan. Gam ba ya jure wannan. Ga wannan kwafin ma, taɓa ki ji."

Ta shafa. Takardar ta yi 'yan ƙuraje a wuri uku, irin na ruwan da ya ɗiga ya bushe.

"Kuka aka yi a kai?"

"Ban sani ba. Yana iya zama shayi."

Ta dube shi, ta dubi wayar da ke jingine a jikin gwangwani.

"To kai, Malam, ga sharhi a hannunka, me ya kai ka tarihin layin dogo?"

"Wannan ba zai kai ɗari biyar ba. Ko ɗari ba zai kai ba. Cire ni za su yi."

"Su cire. Amma dai ni na sha zama a kujerar nan ina ji kana korar masu digiri in sun ce ka cusa musu fararen takardu a kundi don ya yi kauri. Har cewa kake ba ka ɗinka iska. Yau ga shi ka ɗinka iska har kalma ɗari biyar da uku."

Ta tattara ledarta ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In sun kore ka, ka dawo gida ka riƙa yi mini sharhin. Ni ba na ƙirgawa."

Bayan ta tafi ya zauna da wayar a hannu. Dogon sharhin yana nan a shirye, dannawa ɗaya ya rage, kuma ya tabbata ba wanda zai karanta shi balle ya kama shi da laifi. Za a saka masa babban yatsa, ya tsira. Ya karanta layin "kowane babi ba tare da togiya ba" sau biyu. Sannan ya dubi fararen shafuka sittin ɗin nan da ke gabansa. Ƙarfe biyar da kwata ya goge rubutun gaba ɗaya, ya ɗauki hoton kwafi ukun ta gefe, ya rubuta da yatsa ɗaya:

"Salamu alaikum. Kwafi uku na littafin nan aka kawo mini gyara. Duka ukun sun yi datti har shafi na casa'in. Daga nan zuwa ɗari da hamsin fes suke, ba wanda ya taɓa. A shafi na ɗari biyu da sha biyu duka sun ɓalle, inda direban ya mayar da hularsa. Ɗaya akwai ɗigon ruwa. Ban ce hawaye ba ne. Littafin yana da kyau. Na gode."

Ya tura, ya kifa wayar, ya ɗora mata gwangwanin gam a kai, ya kama share shagon da ya riga ya share da safe.

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Ya daure minti biyu, sannan ya ɗaga gwangwanin. Sufeto ne.

"Muna godiya ga ɗan'uwa. Kalma sittin da huɗu, har da sallama da godiya. Saura ɗari huɗu da talatin da shida. Akwai sauran minti arba'in."

Mai Gam ya ajiye wayar a kan tebur. Yana shirin mayar da gwangwanin sai wani saƙo ya shigo daga wata lamba da ba ta taɓa cewa uffan ba, mai hoton keken ɗinki.

"Wallahi ni ma a casa'in na tsallake. Na ɗauka ni kaɗai ce daƙiƙiya."

Wannan matarsa ce? A'a, ba ta cikin zauren. Wata telar ce dabam. Kafin ya gama mamaki wani ya biyo baya, wai shi direban tasi ne: "Ni a tamanin da bakwai na sauka, ban ma kai tasha ba." Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ita ce ta ari kwafi ɗaya daga ɗakin karatu, kuma tana so a rubuta cewa shayi ne. Minti ɗaya bayan haka ta sake rubutowa: "To, ba shayi ba ne." Wani mai gyaran lantarki ya turo hoton nasa littafin ta gefe, ga farin layi a tsakiya kamar an ja da alli. Sai hotuna suka fara zubowa. Mutanen da suka shekara uku ba su ce ko sannu ba suka shiga ɗaukar gefen littattafansu a kan teburin abinci, a kan sitiyari, a kan gadon awon marasa lafiya. Wani ya ce babansa ma ranar da ya bar aiki ya dawo da mabuɗan ofis a aljihu, sai washegari ya koma ya mayar. Wata ta ce cikin 'ya'yan direban jirgin ita 'yar tsakiyar ta fi so, kuma duk mai ja ya fito. Mutum huɗu suka fito.

Mai kemis, wadda take cikin bakwai masu magana, ta jefo tambaya cikin ladabi: "Ranka ya daɗe Sufeto, tunda kai ka yi mana sharhi mafi tsawo, ko za ka tuna mana abin da ya faru tsakanin casa'in da ɗari da hamsin?"

Waya ta nuna Sufeto yana rubutu. Ta daina nunawa. Ta sake nunawa. Daga ƙarshe ya ce, "Za a duba."

Direban tasi ya turo fuskar dariya guda goma sha ɗaya. Ba a taɓa yi wa Sufeto haka ba a tarihin zauren, kuma abin mamaki rufin bai faɗo ba.

Sai ma'aikaciyar jinyar ta juyo kan Mai Gam kai tsaye: "Baba mai gyara, kai da ka bi shafukan duka, akwai abin da muka rasa a wurin?"

Tambaya ce aka yi masa, shi, a gaban mutane, a kan abin da ke cikin littafi. Ya goge hannunsa a jikin riga duk da ba gam a jiki. Ya rubuta, ya goge, ya rubuta. Minti shida zauren na kallon alamar yana rubutu, ba wanda ya katse shi.

"Akwai wata akuya a shafi na ɗari da talatin da ɗaya. Ku karanta saboda ita."

Kowa ya tafi neman shafin. Sannan mai gyaran lantarki ya dawo: "Ta cinye takardar gonar!" Wata ta ce kada a faɗa mata, ba ta iso ba. Aka ce ai an riga an faɗa. Ta ce Allah ya isa.

Ƙarfe shida ta buga ana tsakiyar wannan. Sufeto ya zauna a falonsa da jerin sunaye da jan biro, ya ga abin da ke gabansa. Cikin masu shiru talatin da shida da suka rage, talatin da ɗaya sun yi magana a yammacin nan, kuma ba ko ɗaya da ya kai kalma ɗari. Bisa doka sai ya kore su duka, a ranar da suka fara buɗe baki, ya koma da mutum shidansa masu babban yatsa. Janye doka kuwa bai taɓa yi ba tun yana aiki. Amma mutumin da ya shekara talatin a ma'aikata bai rasa hanyar fita daga dokar da shi ya kafa. Ƙarfe shida da minti goma sanarwa ta biyu ta fito, da lambarta:

"An lura cewa mambobi talatin da ɗaya sun zauna a matsayin kwamiti daga ƙarfe biyar da kwata zuwa shida. An karɓi tattaunawarsu a matsayin rahoton kwamiti, mai kalma dubu ɗaya da ɗari tara da bakwai, ban da fuskokin dariya. Rahoton ya cika sharaɗi. Sauran biyar da ba su halarta ba an ɗauke su a matsayin masu sa ido. Ba a cire kowa ba. An naɗa ɗan'uwa mai gyaran littattafai shugaban wannan kwamiti, kuma shi zai buɗe tattaunawar kowane wata, a tsawon da ya ga dama."

Ƙasa kaɗan ya ƙara da cewa, ba lamba ba kwanan wata: "Akuyar ta yi daidai. Gonar ba tasu ba ce tun farko."

Mai Gam ya karanta sanarwar a tsaye, ya sake karantawa a zaune. Ya rufe gwangwanayen gam, ya mayar da kwafi ukun ƙarƙashin injin ya matse, ya kulle shago. A hanya sau biyu yana tsayawa ya duba ko har yanzu yana cikin zauren. Yana ciki.

Ya tarar da matarsa a kan keke tana kafa zik, allura biyu a bakinta.

"Sun kore ka?" ta tambaya ta gefen baki.

"A'a."

"To me ya sa fuskarka haka?"

"Shugaba suka naɗa ni."

Ta cire alluran ɗaya bayan ɗaya ta soke su a jikin labule, don ta samu damar yin dariyar yadda ya kamata. Sai da ta share hawaye sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, shugaban kwamiti. A kawo ruwa ko sai an fitar da sanarwa?"

"Ki bari mana. Kowane wata fa sai na yi magana. Ni zan fara."

"To sai me? Wane littafi ne na wata mai zuwa?"

Ya faɗa mata. Ya ce kwafi biyu suna shago tun makon jiya, kuma akwai ɗaya da wani ya kashe sauro a shafi na goma sha huɗu, daga nan bai ƙara gaba ba.

"Ka ga," in ji ta, ta mayar da ƙafarta kan keke, "har ka gama rabin aikin."